Ɗinkin da Aka Ce Kada a Taɓa

Ranar da aka sallami jikata daga asibiti, ruwa ake yi tun safe, irin yayyafin nan da ba ya tsananta kuma ba ya ɗaukewa. Baranda duk ta jiƙe, masu shara sun shimfiɗa kwalaye a bakin ƙofa don kada mutane su zame. Ni ina riƙe da lema da jakar kaya, 'yata Auta tana rungume da jaririyar, wadda a lokacin watanta huɗu. An haife ta da leɓen sama a tsage ta gefen hagu, tun daga baki har cikin hanci, kuma a wannan kwanciyar ne aka ɗinke mata shi.

Likitan da ya yi aikin ya zo ya duba, ya ce ɗinki ya yi kyau. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce wa Auta kada komai ya taɓa wurin, ko cokali, ko yatsa, ko bakin zane. Auta ta maimaita maganar a hankali, yadda take maimaita awon riga in mai kaya ya faɗa mata. Muna fitowa wata nas ta biyo mu da sauri, ta ce in da hali mu biya ɗakin ƙarshe na barandar, wajen likitan haƙori, a buɗe wa yarinya kati. Auta ta dubi bakin jaririyar, ta dube ni. Na ce wataƙila da ni nas ɗin take, tunda ni ne mai sauran haƙoran da za a duba. Muka yi dariya, nas ɗin ma ta yi, sai aka ƙwala mata kira daga wani ɗaki. Mai motar hayar da muka tsayar yana ta danna hon a waje, muka wuce.

Mu gidan ɗinki ne. Ni gyaran takalma na yi har idanuna suka ce sun gaji. Marigayiya matata tela ce, kuma a kan kekenta Auta ta koya. Shagon Auta ɗan ɗaki ne tsakanin na mai aski da na mai gyaran waya. Ba komai a ciki sai keken ƙafa, teburin yanka, dogon madubi, da almakashi wanda ta ɗaure da igiya a ƙafar tebur saboda mai askin nan ba ya mayar da aro. A layin duk Anti Tela ake kiranta. Rigar da ta ɗinka sai dai yadin ya mutu, ɗinkin yana nan. In ta ga sabuwar riga a jikinka, kafin ta ce ta yi kyau sai ta juya bakin hannun ta duba cikinsa. Maigidanta direban babbar mota ne, mutumin kirki, amma ya fi kwana a hanya, shi ya sa duk zirga-zirgar asibiti da ni aka yi.

Lokacin da aka haifi yarinyar, masu zuwa barka wasu sun leƙa sun kawar da kai, wasu sun yi addu'a da muryar ta'aziyya. Auta ba ta taɓa rufe mata fuska ba. Wata dattijuwa ta dage da tambayar me ya jawo haka, Auta ta ce mata, "Yadi ne mai kyau, Gwaggo, ba a dai gama haɗa shi ba." Yarinyar ba ta iya kama mama, don rufin bakinta ma a buɗe yake. Auta ta riƙa tatsa tana ba ta da ɗan cokali, a zaune a kan cinya, rabi ya shiga rabi ya dawo ta hanci, ta goge ta sake. Saboda ƙanƙantarta maƙwabta suka sa mata Maɓalli, sunan kuma ya bi ta. Da ta shekara aka koma aka ɗinke rufin bakin, aka sake ja wa Auta kunne a kan ɗinki.

To, mai ɗinki ya san abin da ke kashe ɗinki. Guga ce. Gwiwar wando, hammatar riga, bakin takalmi, duk inda ake yawan gogawa nan zare ke fara sakewa. Da haƙora suka fito, Auta ta sayi ɗan buroshi mai laushi. Safe da yamma tana goge na ƙasa da na can ciki, har da harshe. Amma na sama, waɗanda ke ƙarƙashin tabon leɓe da gefen giɓin da ya rage a dasashi, ba ta kusantarsu. Sai dai ta ba yarinyar ruwa ta kuskure. Ta kuma koya mata cewa wurin nan sunansa ɗinki, ba a taɓawa. Maɓalli ta riƙe wannan fiye da karatun makaranta. Ko sumbatarta za ka yi sai ta miƙo maka kumatun dama.

Ta taso da surutu, muryarta tana ɗan fita ta hanci, amma ba abin da ke hana ta faɗar abin da ke ranta. Ina ce mata amaryata, tana ce mini ba za ta auri tsohon da ake ƙirga haƙoransa da hannu ɗaya ba. A shago take yini in an tashi makaranta, masu kawo ɗinki kowa da alawarsa ko biskit, suna ba ta don tausayi, ita kuma tana karɓa ba don tausayin ba.

Tana cikin shekara ta bakwai surutun ya ragu. Ta fara tauna abinci ta gefe ɗaya, ta daina shan ruwan sanyi. Wata safiya ta tashi leɓen sama ya kumbura har tabon ya yi ja yana sheƙi. Auta ta zo ɗakina ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba, ta ce, "Baba, ɗinkin ya fara warwarewa."

Muka tafi ɓangaren tiyata. Bencinsu cike yake da mata da jarirai, wasu a tsaye. Da layi ya zo kanmu likita ya ɗaga leɓen ya duba, ya ce aikinsa lafiya lau yake, wannan ciwon haƙori ne, mu tafi ɗakin ƙarshe. A can benci ɗaya ne, ba kowa a kansa sai wani tsoho da ya tallafe muƙamuƙi. Likitar mace ce, doguwa, mai magana ƙasa-ƙasa. Ta zaunar da Maɓalli a kujerar nan mai kwantawa, ta kunna fitila, ta daɗe tana dubawa da ɗan madubi.

"Ana goge mata baki?"

"Safe da yamma, likita."

"Na gani. Na ƙasan nan tas suke. Na saman fa, wa ya hana?"

Auta ta ce likitan tiyata ne ya ce kada komai ya taɓa ɗinkin. Likitar ta tambaye ta yaushe ya faɗa.

"Tana wata huɗu."

Na zaci za ta yi dariya ko ta yi faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tambayi sana'ar Auta, da ta ji sai ta gyaɗa kai, ta ɗauko safar hannu ta sa mata, ta kama yatsanta ta ɗora a kan tabon ta ciki. Auta tana ja da baya, likitar tana riƙe.

"Kin ji zare, Tela?"

"A'a."

"Babu shi. Zarenmu irin wanda kuke yi da hannu ne don riƙe yadi kafin a hau keke. Nama da kansa yake kama ɗan'uwansa. Tun tana rarrafe aka gama da maganar zare."

Aka ɗauki hoton bakin. Ta nuna mana a jikin haske: haƙoran nono biyu na gaba sun ruɓe har saiwa, ɗaya ya tara mugunya, sai an cire su. Na ce ai da sauƙi, tunda lokacin famfara ya yi, dama zubewa za su yi. Ta ce haka ne, Baba, amma duba nan. Ta nuna wani farin abu a sama da su, a daidai bakin giɓin dasashi. Ta ce wannan shi ne babban haƙorin gaba, wanda ba a sake yin wani bayansa. Ƙashin da ke riƙe da shi siriri ne saboda tsagin, ga shi ya zauna a kusa da ƙazanta. In aka tsabtace wurin daga yau, dasashi ya warke, yana iya fitowa ya tsaya, har a jingina sauran gyaran a kansa in ta girma. In ba haka ba, zai fito a lalace ko ya fito yana girgiza. Ba ta yi mana alkawarin komai ba.

Ranar Auta ta buɗe shago amma ba ta taka keke ba. Na zauna a bakin ƙofa ina kallon titi, ita tana ciki tana ninke yadin da ta riga ta ninke. Can ta ce, shekara shida tana gadin zaren da babu shi. Na ce gadin ba a banza ya tafi ba, ga leɓe nan kamar an zana. Ta ci gaba da ninke yadin.

Cire haƙoran bai ba mu wuya ba. Wuyar tana gida. Da wurin ya warke, Auta ta matsa man goge baki a buroshi ta nufi sama, Maɓalli ta damƙe bakinta da hannu biyu. Uwar ta lallaɓa, ta yi alkawarin sabuwar riga, ta ɗaga murya, duk a banza. Daga ƙarshe ta durƙusa ta ce mata, "Ni na ce ba a taɓawa, ni ce kuma nake cewa yanzu a taɓa."

Yarinyar ta yi magana ta tsakanin yatsu. "To wanne ne ƙarya?"

Auta ta ajiye buroshin. Kwanaki aka yi a haka, kuma kowace safiya da ta wuce muna tuna farin abin nan na cikin hoto.

Dabarar daga shago ta fito. Auta ta kira mu ni da Maɓalli, ta ɗauko ƙyalle biyu da ta haɗa da zare, ta ba ta tsohon buroshi ta ce ta goga a kan ɗinkin. Yarinyar ta goga da ƙarfi, Auta ta ja bakin zaren, ƙyallayen suka rabu. Sannan ta ce, Baba, kawo hannunka. Akwai tabo a tafin hannuna na hagu, inda wuƙar yankan fata ta taɓa tsaga ni ina saurayi, aka ɗinke a asibiti, har yau ana ganin sawun allura gefe da gefe. Ta ce wa Maɓalli wannan ma ɗinki ne, ta goga ta gani ko Kaka zai rabe biyu.

Maɓalli ta kama hannuna ta hau aiki. Ta goga a tsaye, ta goga a kwance, ta sa farce ta nemi bakin zare. Mai aski ya leƙo ya ce in an gama da hannun a wuce ƙafa, don ita ta fi buƙata. Na ce amarya, a tausaya wa ango. Ta ce in yi shiru, tsoho ba ya jin zafi. Sai da hannunta ya gaji ta ajiye buroshin, ta duba tafin nawa da kyau, ta tafi gaban dogon madubin ta ɗaga leɓenta da kanta. Ban taɓa ganin ta yi haka ba. Ta daɗe tana kallo.

Washegari ta buɗe baki. Buroshi yana taɓa dasashin sai jini. Likita ta riga ta gaya mana za a ga haka a farko, kuma ba dalilin dainawa ba ne. Auta ta cije leɓe ta ci gaba, a hankali, tana zagaya bakin giɓin. Bayan 'yan kwanaki jinin ya tsaya. Maganar alawa kuwa, Auta ta rubuta a kwali ta manna a ƙofar shago cewa mai son ba da kyauta ya kawo lemo ko ayaba.

Daga nan muka zama 'yan gida a ɗakin ƙarshe, ana duba wurin lokaci-lokaci. Duk zuwa sai mun ratsa ta gaban bencin tiyata mai cika, mu isa namu wanda ba kowa. Wata rana Auta ta tsaya gaban wata mata mai yaro ɗan kamar shekara huɗu, da tabo irin na Maɓalli. Bayan gaisuwa ta tambaye ta ko tana goge masa na sama. Matar ta zaro ido ta ce wa zai taɓa ɗinki? Auta ta tambayi sana'arta, ta ce ƙwai take sayarwa. Ta tambayi ta kusa da ita, wannan malamar makaranta ce, ita ma ba ta taɓawa. Wata ta ce haƙoran nono ne, za su zube. Wata mai jariri ta ce an ce mata ta je ɗakin haƙori, amma yaron da ko ɗaya bai fito ba, me za a duba? A hanyar gida Auta ta ce mini, "Baba, ashe ba teloli kaɗai ba ne."

Ba ta iya wa'azi ba, kuma ta lura in ta tsaya bayani matan sai su ce to, in sun fito su nufi ƙofa. Sai ta sake salo. Ranar Talata, da ake ganin masu tsagin leɓe, takan je da sassafe, ta zauna a ƙarshen benci da ɗinkin hannu. Da zarar uwa ta fito daga wajen likitan tiyata, sai ta tashi ta ce, kawo shi in taya ki, kin gaji. Tana karɓar jaririn sai ta juya ta nufi ɗakin ƙarshe tana yi masa wasa. Ba uwar da za ta tsaya a tafi da ɗanta. Haka za ka gan su, Auta a gaba da jariri, uwa a baya da jaka tana cewa baiwar Allah ba nan ce hanya ba, wani lokaci uba a bayansu yana duba agogo. Kafin su isa ta ba su labarin Maɓalli a taƙaice, ba ta rage nata kuskuren ba.

Mai buɗe kati a ɗakin ya fara ƙorafi, wai Anti Tela ta mayar da shi mai rajistar dasashi. Likitar kuwa ta ce haka take so, a kawo su tun bakin yana fili. Takan nuna wa uwa yadda za ta naɗe ƙyalle mai tsabta a yatsa ta share dasashi in ɗinki ya warke, ta gaya mata yaran nan haƙoransu kan fito a cunkushe ko a karkace a gefen tsagin, datti yana samun wurin ɓuya, don haka sun fi sauran yara buƙatar a riƙa dubawa. Ita ce ta je ta zauna da likitan tiyata suka haɗa ranakunsu, don kada mai zuwa daga nesa ya yi tafiya biyu. Nas-nas ma suka ƙara wa gargaɗin nan jela: kada a taɓa har ranar da za ku dawo, bayan nan a goge.

Ba kowa aka samu ba. Akwai wanda ya fizge ɗansa ya ce ba a aiko ta ba. Akwai waɗanda suka buɗe kati ba a sake ganinsu ba, musamman na nesa, da waɗanda suke ganin tunda fuska ta gyaru magana ta ƙare. Masu manyan yara sun fi wuyar jawowa, don ba a ɗaukar ɗan shekara takwas a tafi da shi. Irin waɗannan Maɓalli ce maganinsu in ana hutu: ta tsaya gabansu ta ɗaga leɓe ta ce su ma su nuna nasu. Duk da haka bencin ya fara cika, har aka kawo na biyu, tsofaffi masu ciwon haƙori suka fara tambaya ko sun ɓata hanya ne sun shigo ɗakin yara.

Amma namu haƙorin shiru. Na dama ya fito, fari, faffaɗa. Na hagu ko alama. Watanni suka wuce. Kowace safiya in Auta ta gama gogewa sai ta tsaya ta leƙa wurin. Na san tana kai 'ya'yan mutane ɗakin nan ne da zuciya biyu, ɗaya don su, ɗaya don zama wuri ɗaya ya gagare ta. Likita ta sake ɗaukar hoto, ta ce yana tafe, ba ta dai san da wace fuska zai iso ba.

Wata yamma ina zaune a tsakar gida Maɓalli ta dawo daga makaranta, ko jaka ba ta sauke ba ta ce, "Tsoho, kawo yatsanka." Na miƙa, ina zaton wani wasan ne. Ta kai shi gefen hagu na sama ta cije. Wani abu mai kaifi ya soke ni.

Na ce, "Ki je ki ciji uwarki, ita ta fi cancanta."

Ta ruga shago. Mai aski ya ba ni labari daga baya cewa Auta ta wanke hannu, ta taɓa sabon haƙorin, ta sake taɓawa, sannan ta koma kan keke ta ci gaba da ɗinki hawaye yana sauka a kan yadin mutane.

Ya fito a karkace, kamar mai leƙen gidan maƙwabta, da ɗan tabo ruwan ƙasa a kusurwa ɗaya. Da ya gama fitowa likita ta ƙwanƙwasa shi, ta girgiza da yatsa, bai motsa ba. Ta ce tabon shi ne abin da tsohon ciwon ya bari, za a iya rufe shi, karkacewar kuma da wayar ɗaure haƙora ake gyara ta. Bayan shekara biyu aka cike giɓin dasashin da ƙashi, aikin ya kama.

Maɓalli yanzu tana sakandare, da waya a haƙoranta, kuma na hagun ya kusa daidaita da ɗan'uwansa. Auta tana nan a shagonta. Ranar Talata ba ta buɗewa sai bayan azahar, don da safe tana asibiti.